Hoton Mace A Tallan Kayan Ado

Duk wanda ya taɓa buɗe mujallar kayan yayi ta Turai ko Amurka ya san irin hoton da ake cika shafukanta da shi. Mace ce kyakkyawa, ta karkatar da kai, idonta na kallon wani wuri can, ga sarƙar lu'ulu'u a wuya. Ba ta aikin kome, ba ta cewa kome, sau da yawa ma ba a nuna ta duka, sai wuya ko yatsa kaɗai. Ido ya saba da hoton nan har ya daina lura da shi. Tun cikin shekarun 1970 waɗansu masu fasahar zane da hoto suke ƙoƙarin sa jama'a su sake dubansa da idon basira, mu kuwa a ganinmu aikin nasu ya cancanci a kula da shi.

Dabararsu ba ta da wuya. Talla dai hoto ne da rubutu, in aka taɓa rubutun sai hoton ya tona asirin kansa. Cikin 2015 wani Ba'amurke, Hank Willis Thomas, ya baje aikinsa a birnin New York, inda ya tsamo talla ɗaya daga kowace shekara tun 1915 har 2015, ya goge sunan kamfani da duk wani rubutu, ya bar matan kaɗai. Da aka jera su a bango sai ga tarihin ƙarni guda a fili: yau mace na gindin murhu, lokacin yaƙi tana wurin aiki, daga baya kuma tufafin jikinta na ta raguwa.

Amma wadda ta fi kai wuƙa ƙashi ita ce Sanja Iveković, mutuniyar Zagreb ta ƙasar Kuroshiya. Cikin 1975, sa'ad da ƙasarta take cikin tarayyar Yugoslabiya, ta yanko hotunan talla daga mujallun mata, ta ajiye kowanne kusa da wani hoton kanta da ta ciro daga kundin hotunan gidansu. Sai ga tsayuwa iri ɗaya, ga kallo iri ɗaya, alhali kuwa ba domin wannan aiki aka ɗauki hotunan nata ba. Mai kallo ya rasa wa ke kwaikwayon wani. Daga 1997 kuma ta shiga buga waɗansu shafuka cikin mujallu, waɗanda ba ka raba su da tallan kayan yayi sai ka karanta. A gurbin sunan kamfani ta sa sunan wata jarumar da ta yi gwagwarmaya da 'yan mulkin Fasist a Yaƙin Duniya na Biyu, kamar Nada Dimić wadda aka kashe a 1942, tare da laifin da aka tuhume ta da shi. Ɗaya daga cikin sunayen na mahaifiyarta ne, wadda aka tsare a sansanin Auschwitz. Kowa ya san fuskar mai tallan, amma masu sunan an fara mantawa da su. Sa'an nan daga 2002 ta ɗauko tallan baƙin tabarau na manyan kamfanoni, ta haɗa shi da labaran matan da suka gudu daga dukan mazajensu. Wanda ya gani ya fahimci abin da baƙin tabarau kan ɓoye.

Kada wani ya ce ai hoto ne kawai. Cikin 1947 wata mai rubuta talla, Frances Gerety, ta ƙago wa kamfanin De Beers taken nan da ke cewa lu'ulu'u na har abada ne. Ɗan jarida Edward Jay Epstein ya bayyana a 1982 cewa a Japan, kafin kamfanin ya soma tallarsa a 1967, amaren da ake ba zoben lu'ulu'u ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, amma zuwa 1981 sun kai wajen kashi 60. Watau cikin shekara 14 hoto ya kafa al'adar aure a inda babu ita. Abin da ya iya wannan, lalle ya iya koya wa yarinya yadda za ta auna darajar kanta.

Akwai masu sukar waɗannan masu fasaha, kuma ba a rasa gaskiya cikin maganarsu ba. Kamfanonin da ake yi wa hannunka mai sanda su ne kuma manyan masu ɗaukar nauyin fasaha. Cartier ya kafa gidauniyarsa ta fasahar zamani a 1984, Louis Vuitton kuma ya buɗe katafaren zaurensa a Faris a 2014. Mai cin tuwon wani da wuya ya ɗaga masa murya. Har wa yau, mutum nawa ke shiga zauren nunin zane, in an kwatanta da masu ganin allon talla a bakin titi? Abin da ya sa muka fi yaba wa Iveković ke nan, domin ita ta kai aikinta cikin mujalla, inda tallan yake.

Hukumomi ma sun taɓa abin. Tun Oktoba 2017 doka ta tilasta a Faransa a rubuta sanarwa a jikin duk tallan da aka rage ko aka ƙara jikin mai tallan da na'ura, wanda ya ƙi kuwa tarar Yuro 37,500 na jiransa. A Birtaniya an hana tallan da ke ƙasƙantar da jinsi tun Yuni 2019. A nan Nijeriya, hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta hana amfani da fuskokin baƙi cikin talla daga 1 ga Oktoba 2022, domin 'yan ƙasa su sami aikin. Mun yi na'am da wannan. Sai dai sauya fuska bai sauya tsayuwa ba. In 'yar Kano ko 'yar Ikko ce za a mayar faifan baje sarƙa, an dai sauke wani kaya ne an ɗauki irinsa.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun ilmi da sassan koyar da zane na jami'o'i da kwalejojin horon malamai su sa nazarin hoton talla cikin darussansu. Ba a bukatar wani kasafin kuɗi. Malami ya zo da tsohuwar mujalla da almakashi, ya rufe rubutun, ya tambayi ɗalibai maza da mata abin da matar da ke cikin hoton take yi.