Ra'ayinmu: Wayar Salula da Ciwon da Ba Ya Fidda Jini a Ƙasar Kurfai

Akwai ciwon da ba ya fidda jini, ba ya kawo zazzaɓi, amma yana hana barci, yana hana cin tuwo, yana raba mata da miji. Shi ne yawan tunani da firgita da ƙuncin rai. A yau za mu duba yadda wannan ciwo ya yi sansani a ƙasar Kurfai, da irin taimakon da wayar salula za ta iya bayarwa in an bi da ita ta hanyar da ta dace.

Kowa ya san halin da arewacin jahar Tilaberi ya shiga. Tun 2012 ƴan gudun hijira daga Mali suka sauka a Abala. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomi, har da Abala ɗin. A farkon 2020 aka hana yawo da moto a sassa da dama, ƴan kabu-kabu suka rasa sana'a. Ranar 15 ga Maris 2021 aka kashe mutum 58, cikinsu har da ƴan kasuwa masu komowa daga Banibangu. Ɗaruruwan makarantu sun rufe. Ko ƙauyen da bai ji ƙarar bindiga ba ya ji labarinta. Ga kuma tsohon nauyi na ci-rani: magidanci yana Abijan ko Legas ko Libiya, matarsa na riƙe da yara da gona da surukai.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa, a wuraren da ake fama da rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da wata lalura ta tunani, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Wannan ba rashin imani ba ne, ba kuma ragwanci ba ne. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Ƙasar Kurfai ta san abin da ke faruwa in an toshe bakin mai ƙunci. A 1925, zamanin lanho da aikin tilas, aljannun da ake kira Babule suka bayyana a wannan yanki, wata mata ƴar Shikal mai suna Shibo na kan gaba. Kumandan na Nasara ya sa aka kama mabiyanta aka kulle. Kurkuku bai kashe abin ba. Sai ma ya bi ƴan ci-rani har Ankara ta ƙasar Gana. Darasin a fili yake: damuwar da ba a saurara ba, tana neman wata ƙofa ta fita.

To, wa zai saurara? Daga Filinge zuwa Yamai, inda sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa yake, tafiyar wajen kilomita 180 ce. Matar da ke Tukunus ko Bonkuku ba za ta biya kuɗin mota don ta ce ba ta barci ba. Ko ta samu kuɗin, tana tsoron a ce ta haukace. A nan ne waya ke da amfani. Tana gajarta hanya, tana kuma rage kunya.

Wasu ƙasashe sun gwada abin da za mu iya koyi da shi. A Zimbabuwe, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar ɗakin shan magani, su saurari masu ciwon da mutanen can ke kira "yawan tunani". Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka yi zama har shida da su sun fi samun sauƙi. Da annobar korona ta zo a 2020, aka ci gaba da aikin ta waya. A 2016 ɗin kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari na zama biyar, wanda ko ba likita ba zai iya gudanarwa in ya samu horo: a koya wa mutum jan numfashi a hankali, da rarraba matsalarsa gida-gida, da komawa ga aikinsa da mutanensa.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, waya kuwa ba ta da fuska. Saboda haka muna ganin sharuɗɗa huɗu ne tilas.

Na ɗaya, harshe. A yi magana da murya, cikin Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Fillanci. Shawarar da aka rubuta da Faransanci a intanet ba ta isa bukkar makiyayi.

Na biyu, sirri. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana hannun maigida. Ya kamata a ajiye waya a ɗaki mai ƙofa a kowane ɗakin shan magani, kira kuma kyauta. Mai saurare ya tuna ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Na uku, horo. Ba duk mai daɗin baki a WhatsApp ne mai ba da shawara ba. Wanda ya ce a tura masa kuɗi kafin ya ji damuwarka, ka guje shi. Ma'aikatar kiwon lafiya ce ta cancanci ta horar da masu wannan aiki, ta kuma sa musu ido.

Na huɗu, sanin iyaka. Wanda ke maganar kashe kansa, ko matar da ake duka, ko wanda hankalinsa ya gushe, ba a barinsa ga waya; a kai shi asibitin gunduma nan take.

Ga ma'aikata da sarakuna da limamai, muna cewa: waya ba ta zo ta rushe zaure ba. Sulhun aure na nan hannun iyaye da waliyyai. Addu'a na nan a matsayinta. Abin da muke roƙo shi ne kada liman ya ce wa mai firgita "yi haƙuri" kawai, ya ƙara da "je ka ga likita".

Ku kuma da kuka kammala karatun yaƙi da jahilci, ku ne idon ƙauyenku. Kai ne ka iya karanta lamba, ke ce maƙwabciya za ta kira ta danna mata waya. In kun ga wanda ya daina zuwa fada ko rijiya, ya rame ba ciwo, ku zauna kusa da shi, ku saurare shi ba tare da dariya ba, abin da kuka ji kuma ya tsaya nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah shi ba ƙasar Kurfai da Nijar baki ɗaya lafiya da kwanciyar hankali. Amin.