Ra'ayinmu: A tanadi hanya ta biyu kafin waya ta tsinke

Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a kusa da gaɓar Kodibuwa, harkar bankuna ta tabarbare a Najeriya. Ranar Alhamis ce, ranar da kasuwar Maigatari ke ci. Makonni biyu kafin nan, katsewar wayoyin faiba a cikin ƙasa ta jefa masu layin MTN cikin irin wannan hali. Mai POS a Gagarawa Tasha ba ya bukatar a faɗa masa illar hakan: mai riɗi yana tsaye, an zare kuɗi daga asusun mai saye, takarda ta fito da cewa ciniki bai shiga ba.

Waya dole wata rana ta tsinke, ko a hannun masu aikin titi ko ɓarayi. Abin tambaya shi ne tsawon lokacin da rauta, na'urar da ke zaɓa wa saƙo hanya, za ta ɗauka kafin ta gane. Idan aka bar ta a saitin da ta zo da shi, tsarin OSPF yakan jira daƙiƙa 40 kafin ya yarda maƙwabciyarta ta yi shiru, BGP kuma a na'urori da yawa har daƙiƙa 180. Da tsarin BFD, wanda ke aika ɗan saƙon gaisuwa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, ana gano katsewar kafin daƙiƙar ta cika. In an riga an lissafa hanyar ko-ta-kwana, sai saƙo ya karkata can ba tare da mai ciniki ya lura ba.

Masu ɗari-ɗari da wannan suna da hujja. Hanya ta biyu kuɗi ce, kuma kamfani ba ya ganin riba a jan faiba biyu zuwa Sule Tankarkar. Haka nan in aka matse lokacin jira a kan layin da ke rawa, rauta za ta yi ta tsalle tsakanin hanyoyi, abin ya fi katsewar muni. Ga wata matsalar da aka cika mantawa: layuka biyu na kamfanoni daban-daban suna iya hawa turke ɗaya, ko wayoyinsu su bi rami ɗaya a gefen titin Gumel. Tarakta ɗaya ta isa ta kashe su tare.

Duk da haka ra'ayinmu shi ne tsadar ba ta kai asarar ba. Ya kamata hukumar sadarwa ta NCC ta wajabta wa kamfanoni su nuna cewa kowace hedikwatar ƙaramar hukuma tana da hanyoyi biyu da ba su haɗa rami ba, ko da ta biyun ta iska ce. Bankuna da asibitoci a masarautar Gumel kuma su sa injiniyoyinsu su riƙa zare babbar waya da gangan lokaci-lokaci, da agogo a hannu, su ga daƙiƙa nawa sabis ke ɗauka ya dawo.