Man kwakwa da kapson asibiti

Wasu marasa lafiya da likita ya rubuta wa antibayotik sun ɗauki al'adar haɗawa da cokalin man kwakwa safe da yamma, wai don ya ƙara wa magani ƙarfi. Maganar tana da tushe: kusan rabin kitsen man nan sinadarin lorik asid ne, kuma a ɗakin gwaji yana kashe wasu ƙwayoyin cuta. Amma cikin ɗan Adam daban ne, hanji na narkar da man kamar kowane mai. Ɗan kaɗan a girki ba laifi. Shan sa da yawa kuwa yana sakin ciki, alhali antibayotik irin su amoksisilin ma kan jawo gudawa. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da zazzaɓi ya sauka a rana ta uku, ya ajiye sauran kapso bisa taga, ya ci gaba da mai kaɗai, cutar kuma ta dawo masa. Mai son kiyaye abinci lokacin shan antibayotik ya fara da yin hattara da nono da madara, domin su ne ke hana jiki tsotse tetirasaikilin da siforofuloksasin. A tambayi likita tazarar da za a bari tsakaninsu da maganin.