Mu Ba Mawaƙa Mata Kunnuwanmu Tun Suna Raye

Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, mu masu nazarin Hausa, wadda ya kamata a faɗa ko da za ta yi ɗaci. Ba mu yaba mawaƙiya sai ta tsufa ko ta kwanta dama. Hajiya Barmani Coge ta rasu a 2013, yau kowa gwanin sharhin amada ne. To, amma a kawo zancen matan da ke waƙar zamani a yanzu, sai ka ga an yamutsa fuska, wai wannan ba adabi ba ne, shirme ne na yara. Haba jama'a! Shata ma ai mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Abin da aka raina jiya shi ake koyarwa yau.

Saboda haka ga mata huɗu da nake roƙon kowa ya nema ya saurara kafin ya yanke hukunci.

Ta farko Umu Sangare ta ƙasar Mali. Tana 'yar shekara ashirin da kaɗan ta fitar da faifanta na farko mai suna Moussolou, wato Mata, inda ta ƙalubalanci auren dole, ta ce a bar yarinya ta zaɓi miji. Shin wannan ba shi ne jigon da marubutanmu na littattafan soyayya suka yi ta fama da shi ba? Me ya sa ya zama jigo a takarda, a baki kuma ya zama shirme?

Ta biyu Asa, Bayarabiya haifaffiyar Faris, wadda ta tashi a Ikko. Faifanta na farko ya fito a 2007. Jita ce a hannunta, murya a natse, Yarabanci da Ingilishi a haɗe, tana maganar zalunci da halin ko-in-kula na mutanen ƙasa. Ba ta bukatar tsalle-tsalle kafin a ji ta.

Ta uku Fatu Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad, Buzuwa daga wani ƙauye a Jamhuriyar Nijar. Da jitar wanta ta koya wa kanta kiɗa, a inda ake ganin jita ta maza ce. Ta haɗa ta da tende, kiɗan matan Buzaye na turmi da fata. Wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, shi ya fitar da faifansu. Turawa sun san su, mu maƙwabtansu kuwa ko sunan ba mu ji ba. Abin kunya!

Ta huɗu tamu ce ta gida, Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, wadda ta yi suna a Kano. Ita da irinta su ne ke rera waƙoƙin fina-finai, 'yar wasa kuma ta motsa leɓe ta kwashe yabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Na san za a ce ai a cikin waƙoƙin zamani akwai batsa da kayan kiɗan Turawa. Gaskiya ne, akwai tsaki a cikin tsaba. Amma a cikin waƙoƙin maza da muke haddacewa babu zambo da habaici masu nauyi a baki? Ba mu zubar da su ba, tankaɗe muka yi. Aikin manazarci ke nan, ya saurara, ya auna jigo da salo da sarrafa harshe, sannan ya yi magana.

Ina kira ga ƙungiyarmu ta ware zama guda a wannan zango don waƙoƙin mata, a saurara a yi muhawara. Masu neman batun kundin digiri kuma, ga fili nan ba a nome ba. Wanda ya ƙi su bayan ya ji, mun ba shi uzuri. Wanda ya ƙi bai ji ba, wannan son zuciya ne kawai.

Allah ya sa mu gane.