TAKOBIN GADO: A TAMBAYI ƘARFEN KAFIN A YI MASA KIRARI

Yau na ɗan jingine labarin da muke ciki, domin in taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar tsofaffin takubban da ke rataye a zaurukanmu, ko suke kwance a ƙarƙashin gadajen kakanninmu.

Kusan duk gidan da ka tarar da tsohon takobi, amsa ɗaya za a ba ka: "Ai da shi kakan kakanmu ya yi jihadin Shehu." Wani ma ya ƙara da cewa daga Makka aka zo da shi. To jama'a, ni a ganina wannan kirari ba ya ƙara wa takobi daraja, sai ma ya rufe mana tarihinsa na gaskiya. Gani ya kori ji. Takobi yana ɗauke da shaidunsa a jikinsa, in dai an san inda za a duba.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, takobi ɗaya shekarunsa uku ne: akwai shekarun ruwansa, akwai na ƙotarsa, akwai kuma na kubensa. Fata takan ruɓe, hamila ta tsinke, ƙota ta yi girgiɗi, sai a kai wa maƙeri da baduku su sabunta, amma ruwan yana nan yana wucewa daga uba zuwa ɗa. Saboda haka sabon kube ba ya nuna takobi sabo ne, haka nan tsohon kube ba ya zama shaidar tsufan abin da ke cikinsa, domin dillalai sun iya zura sabon ƙarfe a tsohuwar fata.

Sai maganar asali. Takobinmu na ƙasar Hausa, wanda Buzaye ke kira takoba, miƙaƙƙe ne mai baki biyu, sau da yawa da kwarmi uku a tsakiyarsa, bakinsa na ƙarshe a ɗan zagaye, sannan makarin hannunsa faffaɗa ne da aka lulluɓe da fata ko tagulla. In kuwa ka ga makarin siririn ƙarfe ne tsirara mai kama da gicciye, ƙarshen ƙotar kuma faifai ne, kuben ya buɗe daga ƙasa kamar ganye, to wannan kaskara ce ta Sudan da Cadi. Ba abin mamaki ba ne a same ta a gidan Bahaushe, tunda alhazanmu na da ta can suke bi a ƙasa, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da dama sun yi gabas har suka kafa garin Mai Wurno. Kun ga ashe siffar ƙota kaɗai tana iya faɗa maka hanyar da kakanka ya bi.

Ga kuma inda wasu ba za su ji daɗina ba. Ruwan takubba masu yawan gaske na ƙarni na 19 ba a nan aka ƙera su ba. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kamar 50,000 kowace shekara, ana sayar da kowanne a kan wuri 1,000, kuma kusan duk waɗanda ya gani daga garin Solingen na Jamus suka fito. Fatake ke ratso Sahara da su, a Kano ake sa musu ƙota da kube, daga nan su bazu wurin Buzaye, Fulani, Nufawa da Barebari. Wai shin wannan abin kunya ne? Ko kusa. Shaida ce cewa Kano ta riƙe kasuwar makamai ta yanki guda, maƙeranta da dukawanta kuma su ne suka mayar da ƙarfen baƙi takobin Hausa.

To amma a yi hattara da tambari. Za ka ga jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum a jikin ruwan, ko wata dabba mai kama da kyarkeci tana gudu, wadda asalinta tambarin maƙeran Passau ne kafin na Solingen su ara. Da maƙeranmu suka ga masu saye na son waɗannan alamomi, sai su ma suka riƙa buga su a nasu aikin. Don haka tambari kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an dubi tsaftar bugunsa, da daidaituwar kwarmin, da yadda ƙarfen ke lanƙwasa ya dawo. Haka lambobi irin su 1414 da ake gani a wasu ruwayen Turai ba shekarar ƙira ba ce, kada wani ya lissafa ya ce takobinsa ya haura shekara 600. Daga ƙarni na 20 kuwa, maƙera sun koma sare sifirin mota suna ƙera takobi da shi. In ka ga goran ruwa ko roba a ƙota, ko alamar injin wasa wuƙa a ruwan, to wannan ɓangaren dai bai ga jihadin 1804 ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ba ina cewa mu watsar da abin da tsofaffi suka faɗa ba ne. Gajere na Katsina da ake dangantawa da Korau, da takobin Bayajidda da ke fadar Daura, labarin baka ne ya riƙe su har yau. Amma ko makaman fada sai da masani A.D.H. Bivar ya bi su ya duba da ido, ya fitar da littafinsa Nigerian Panoply a 1964. In har kayan sarauta sun jure bincike, me zai sa namu na zaure su ji tsoro? Labarin baka da shaidar ƙarfe tare ya kamata su tafi, kowanne yana gyara ɗan'uwansa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarna iri biyu. Ta farko, Sallah ta matso, yaro ya ɗauki samfefa ya goge takobi har ya yi ƙyalli, ya tafi da tambarin da duk wata shaida. Ta biyu, dillali ya zo ya ba da kuɗin da ba su kai buhun shinkafa ba, takobi ya ƙetare teku, alhali dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba.

Shawarata ita ce, a share ƙura da ƙyalle mai laushi, a shafa ɗan mai kaɗan a ƙarfen, a bar shi haka. A ɗauki hoton ruwan, da tambarin, da ƙotar. A zauna da tsohon da ya fi kowa shekaru a gidan, a rubuta sunan duk wanda ya taɓa rataya shi, da wanda ya ba shi. Sannan a nufi wuri irin Gidan Makama a Kano a gwada shi da waɗanda ke ajiye a can. Mu marubuta kuma da masu shirya fim, in za mu ba jarumin ƙasar Hausa makami, mu ba shi miƙaƙƙen takobinsa da hamila a kafaɗa, mu bar wa Indiyawa lanƙwasasshen nasu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu. Wassalam.