Agogo Ba Ya Jin Ciwon Ƙwauri

Duk lokacin da rundunar sojan ƙasa ta buɗe ɗaukar sababbin kurata, akan ga matasa a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa sun fito gudu da zarar an idar da sallar asuba. Burinsu shi ne su tsallake tantancewa, su shiga barikin horar da kurata na Zariya, wanda aka kafa tun 1924. Ba wasa ya fito da su ba. A yankin da 'yan bindiga suka raba mutane da gonakinsu, kakin soja albashi ne, kuma hanya ce ta kare gida.

Abin da ya sauya shi ne hannun mai gudun. Yanzu akwai waya mai manhajar auna tafiya, ko agogo mai arha da ke nuna minti nawa aka ci a kowace kilomita. Na'urar ba ta da laifi. Laifin yana ga matsayin da aka ba ta, domin an ɗauki ma'auni an naɗa shi mai horarwa.

Matashin da ya ga ya yi kilomita cikin minti 5 yau, gobe minti 4 da rabi zai nema, jibi kuma ya tura hoton sakamakon a WhatsApp abokai su yaba. Jikinsa ma sai ya ba shi goyon baya da farko, kuma a nan tarkon yake. Zuciya da huhu suna sabawa da wahala cikin 'yan makonni, haki ya ragu, mutum ya ji kamar zai tashi sama. Ƙashi da agara kuwa watanni suke buƙata. Kowane taku yana barin ɗan rauni a ƙashi wanda ido ba ya gani, jiki kuma yana gyara shi ne a lokacin hutu. Idan aka hana shi hutun, ɓarna ta fi gyara sauri, sai a fara jin zogi a ƙwauri. Da farko yakan lafa in jiki ya ɗumama. Daga baya ya tattaru wuri ɗaya, wanda za a iya nunawa da ɗan yatsa, har tafiya zuwa masallaci ta zama aiki. Wannan alama ce ta tsagewar ƙashi. Cutar kurata ce tun asali: wani likitan sojan Prussia mai suna Breithaupt ya bayyana ta a 1855, a ƙafafun sojojin da aka yi wa doguwar tafiya. Warkewarta takan ci mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye da haka.

Duk wannan agogo bai san da shi ba. Bai san an kwana ana sintiri a bakin gari ba, bai san azumi ake ba, bai san zafin Afrilu yana ƙara wa zuciya bugu ko da saurin bai canja ba. Bai kuma san rashin tsaro ya hana bin hanyoyin gona masu taushi, ya tilasta wa mutum dukan kwalta kullum da takalmin da ƙasansa ya cinye ba. Lamba kawai yake bayarwa, ita ma takan yi tangaɗi idan sadarwa da tauraron ɗan Adam ta raunana.

Masu kare na'ura suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. A Vienna, ranar 12 ga Oktoba 2019, Eliud Kipchoge na Kenya ya gama gudun famfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, yana bin hasken da wata mota ke zana masa a kan titi, 'yan rakiya 41 suna karɓa-karɓa. A 2020 Joshua Cheptegei na Yuganda ya kafa tarihin duniya a mita 5,000 da mita 10,000, fitilu na gudu a gefen fili suna nuna masa saurin da ake nema. Sai dai waɗannan ranakun gasa ne. Binciken da Stephen Seiler ya yi a kan manyan 'yan wasan juriya ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yinsa, sassarfar da mutum zai iya hira a cikinta. Matashin Faskari ya kwaikwayi ranar bikin, ya bar watannin da aka yi ana tanadi.

Abin da ya fi muni yana zuwa ne bayan ciwon ya kama. Sai a garzaya kemis a sayi maganin kashe zafi, wasu har da tramadol, a haɗiya a koma titi don kada lambar jiya ta faɗi. An toshe bakin ɗan saƙo ɗaya tilo da ke faɗin gaskiya ke nan. Wasu kuma su nufi maɗori, alhali ƙashin bai goce ba balle a ɗora shi, murza da matsa ba za su haɗe tsagar ba. Abin da yake so shi ne a sauke masa nauyi, a kuma je asibiti a duba.

Da agogon za a juya masa aiki, da ya yi amfani. Maimakon ya zama bulala, ya zama linzami: ya tsare mai gudu kada ya wuce saurin hira a yawancin ranaku, ya riƙe lissafin kilomitocin mako don kada a ninka su dare ɗaya, a ware rana ɗaya ko biyu na gudu mai zafi, da ranar da ba a gudu ko kaɗan. Wannan yana nufin fara shiri wata huɗu ko biyar kafin tantancewa, ba ranar da aka ji sanarwa a rediyo ba. Ga wanda ba shi da takardar wata sana'a, shekara 22 ce iyakar shiga aikin, don haka mai shekara 21 da ya je tantancewa yana ɗingishi, damar da ta rage masa ba ta da yawa.