Zuwa Ga Manajan Da Ya Sallami Ƙanena Yana Gadon Asibiti

Ranka ya daɗe,

Na rubuto maka ta wannan hanya ne saboda mai gadin ƙofarku ya ce an hana shi barin ƙanena ya shiga, wayarka kuma ba ta samun mai ɗauka. Ba zan kama sunanka ko na kamfaninku ba, tunda magana ta je hannun lauya. Kai dai ka san wanda nake nufi.

Ƙanena ya haura shekara biyar a sashen cika buhu na kamfaninku na casar shinkafa. Shi ne mai tara buhu a bakin mazurari, ya ɗora a sikeli, ya miƙa wa mai ɗinki, sannan su kinkima su jera. Buhu mai kilo 50, tun safe har la'asar sakaliya. A haka ƙaba ta fito masa. Ya daɗe yana ɗaure mararsa da rawani a ƙarƙashin riga don kada a lura, har ranar da ya durƙushe gaban sikeli abokan aikinsa suka ɗauke shi. Likita ya ce sai an yi tiyata, ya rubuta takarda ya buga hatimi. Ƙanena ya kawo maka ita hannu da hannu. Ka ce ana tsakar kakar shinkafa, ya haƙura sai kaya sun ragu. Ciwo bai haƙura ba, aka shiga da shi ɗakin tiyata. Da ya fara takawa ya dawo, sai ya tarar da takardar sallama a wurin mai gadi, an rubuta wai ya gudu daga aiki ba da izini ba. Ta tagar ɗakin gadi ya hango sabon injin da kuka kafa: shi ke aunawa, ya cika, ya ɗinke baki, bel ya ja buhun har bakin mota. Mutum ɗaya ne a tsaye yana danna maɓalli.

Ba ni da faɗa da injin nan. Duk wanda ya ga yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka mutu, da yadda kamfanoni suka yi ta kulle ƙofa a Sharaɗa da Bompai da Challawa, ya san kamfanin da ya tsaya cik ba ya daɗewa. Injin da ya ɗauke wa ɗan Adam kinkimar kilo 50 ma alheri ne. Da ya zo da wuri, wataƙila da ba a yanka ƙanena ba. Abin da ya ci min rai shi ne kun san injin yana tafe, kun san za ku rage mutane, sai kuka fake da guzuma kuka harbi karsana. Rage ma'aikata yana da ƙa'ida kuma yana cin kuɗi. Wanda aka ce ya gudu kuwa, ko sisi ba a ba shi. Shi ya sa kuka maƙala wa majinyaci laifi.

Da farko mun ɗauka sai dai mu bar wa Allah, kamar yadda 'yan uwa da dama suka ba mu shawara. Wani maƙwabci ne ya ce mu je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga can kuma muka samu lauya. Ya buɗe mana Dokar Ƙwadago ya karanta, yana fassarawa ƙanena yana jinjina kai, domin tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa gaya masa yana da wani hakki bayan albashi.

Sashe na 16 ya ce ma'aikaci yana da ikon a biya shi albashin kwanakin aiki har 12 a shekara idan rashin lafiya ta kwantar da shi, muddin likita mai rajista ya shaida. In kuna shakkar takardar, dokar ta ba ku dama ku tura shi wurin naku likitan. Ba ku tura ba. A ganina kwana 12 ya yi kaɗan ƙwarai ga lebura da aka farke wa mara, kuma dokar da aka yi tun 1974 ta isa gyara. Amma ko wannan ɗan kaɗan ɗin kun hana.

Sashe na 20 shi ne na rage ma'aikata idan sun yi wa aiki yawa, wato daidai abin da injinku ya jawo. Ya wajabta a sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalili da adadin waɗanda abin zai shafa. Ya ce wanda ya shigo daga baya shi ake fara sallama, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana. Ya kuma ce a yi iyakar ƙoƙari a daidaita kan kuɗin sallama. Akwai yaran da ƙanena ya koya wa riƙon buhu, suna nan ciki. Sannan sashe na 11 ya ce wanda ya kai shekara biyar sai an ba shi sanarwar wata guda.

Sai maganar ciwon kansa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, domin irin wannan rana. Idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, kamfani ke da alhakin kai rahoto cikin kwana 7. Kun kai? Kuna ma zubawa? Haka kuɗin fansho da ake yanka masa duk wata, kashi 8 nasa, kashi 10 naku. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya yi wata huɗu ba aiki ya ciri kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Da wannan yake fatan ya kama ɗan shago, tunda likita ya hana shi ɗaukar nauyi. Muna roƙon Allah ya sa mu tarar kuɗin sun shiga asusun.

Na san abin da ake faɗa a ofisoshi irin naku: talaka ba ya shari'a, zai gaji ya bari. A da ma lauyoyin kamfani cewa suke ubangida yana iya korar yaronsa da dalili ko ba dalili. Zamani ya juya. Tun gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, sashe na 254C ya danƙa duk rigimar aiki a hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya ba ta ikon duba zaluncin wurin aiki da auna shi da kyakkyawan tsarin da duniya ke bi. Kotun tana da reshe a nan Kano, ba sai mun nemi kuɗin motar Abuja ba. Takardar likita tana hannunmu, da rasit na asibiti, da saƙon waya da ƙanena ya turo maka daren da za a shiga da shi. Biyu daga cikin waɗanda suka ɗauke shi daga gaban sikeli sun ce za su yi shaida, su ma an sallame su.

Ranka ya daɗe, ba mu neman a tumɓuke inji a mayar da shi bakin mazurari. Jikinsa ma ba zai iya ba. Muna so a janye kalmar gudu daga takardarsa, domin da ita ba inda za a ɗauke shi ko gadi. A biya shi kwanakin jinyarsa, da albashin watan sanarwa, da kuɗin sallama, a kuma cike takardun diyya. Matarsa ta sayar da keken ɗinkinta aka biya kuɗin tiyata, yaransa biyu suna gida tun da aka koma makaranta.

Kotun tana da cibiyar sulhu, kuma lauyanmu ya ce a shirye yake ya zauna da naku a can ko a ofishinku. Takardarsa za ta iso maka cikin makon nan, da wa'adi a rubuce. In wa'adin ya cika ba amsa, za mu shigar da ƙara.

Wassalam.

Yayan tsohon ma'aikacinku,
Kano